Tayar Ƙanƙara a Ƙasar Rana

Wanda ya tsaya a rumfar mai faci a Bagudo ko Ka'oje ko Illo, ya sunkuya ya duba rubutun da ke gefen tayoyin gwanjon da aka jibge, ba zai daɗe ba zai ci karo da wata 'yar alama: dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wata kuma haruffan M+S ne a jikinta. Tayar hunturun Turai ke nan, wadda aka ƙera don titunan Jamus da Ostiriya a watan Janairu, ga ta yau tana jiran direban a-kori-kura da zai ɗauko shinkafa daga Matsinkai. Ba abin mamaki ba ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, direban Najeriya ya dogara da tayar waje. Tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma wanda ke zaune kusa da Tsamiya da Lolo, a bakin iyaka, ya san nisan da ke tsakanin takardar doka da kayan da aka sauke a Kwatano. Wannan taya tana ruɗin ido, kuma matsalar da ake sayenta dominta, wato kafewar mota a damina, ba ita ce maganinta ba.

Ruɗin idon yana da asali. A Turai doka ta yarda a yi amfani da taya har zurfin zanenta ya ragu zuwa milimita 1.6, amma tayar hunturu tana rasa amfaninta tun kafin nan. Ostiriya ba ta ƙirga ta a matsayin tayar hunturu idan zanen ya gaza milimita 4, kuma ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, wannan ma'auni take ba da shawara a kai. Saboda haka Bature yana cire ta alhali zanenta yana nan raɗau, mai saye a nan kuwa ya sa yatsa a ramin zanen, ya ji da zurfi, ya ce ya yi tsintuwa. Abin da yatsa ba ya iya ji shi ne irin robar. An haɗa ta ne don ta zauna da taushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, lokacin da robar taya ta yau da kullum take sandarewa ta rage kama titi. Tun da kamfanin da ake kira Nokian a yau ya fitar da tayar hunturu ta farko a Finland a 1934, wannan taushi a cikin sanyi ake ta neman ƙarawa. To a ɗauko wannan roba a ɗora ta kan kwalta a Kebbi a watan Afrilu, inda zafin inuwa ma yake haura digiri 40, kwaltar kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Robar da aka yi don ta yi taushi a ƙanƙara za ta saki jiki fiye da kima: zanen ya riƙa lanƙwashewa a kwana, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya, tayar ta cinye da wuri. Idan aka haɗa da lodin da ya wuce ƙa'ida da ƙarancin iska, zafi yana taruwa a cikinta, kuma zafi ne ke sa taya yin bindiga.

Mai sayarwa yana da amsa, kuma amsar ba ta wofi ba ce. Zai nuna maka M+S ya ce harafin farko laka yake nufi, na biyu ƙanƙara, don haka tayar damina ce. Fassarar daidai ne. Sai dai wannan alama kamfani ne ke manna wa kayansa ba tare da an tilasta masa wata jarrabawa ba, shi ya sa ma Jamus ta daina karɓarta ita kaɗai daga Oktoban 2024, sai mai hoton dutsen nan, wadda aka gwada a kan dusar ƙanƙara. Kuma laka da ƙanƙara, duk da kowacce tana da santsi, ba hali ɗaya gare su ba. Tayar ƙanƙara cike take da ƙananan tsage-tsage kamar an bi ta da reza, aikinsu su ciji dusar su riƙe ta, domin dusa tana manne wa 'yar'uwarta, ta haka mota ke samun abin takawa. Taɓon fadamar Neja ba ya wannan alheri. Da zarar ya cika tsagen, tayar ta zama sumul kamar tulu a hannun maginiya, sai juyawa a wuri ɗaya. Tayar laka ta gaskiya manyan haƙora gare ta da faffaɗan rami tsakaninsu, don ta riƙa watsar da taɓon tana juyawa. Dubi tayar tarakta, ka ga ƙarshen wannan dabara.

Abin da ya cancanci aro daga ƙasashen sanyi shi ne fahimtar da suka yi wa mota mai ja da ƙafar baya, domin irinta ce ke ɗauke da ƙauyukanmu: Hilux, da Hiace, da manyan motoci, da Fijo 504 da aka shekara wajen talatin ana harhaɗawa a Kaduna. A irin wannan mota inji yana gaba, ƙarfinsa kuma farfela ce ke kai shi baya, inda babu nauyi idan ba a yi lodi ba. Golf da ire-irenta masu ja da gaba injinsu na zaune a kan ƙafafun da ke ja, shi ya sa ƙaramar mota kan wuce wurin da a-kori-kura marar kaya ta kafe, mutane su tsaya suna mamaki. Manomin Kanada yana jefa buhunan yashi a bayan motarsa idan hunturu ya shigo. Yaran mota a nan da ke hawa baya suna tsalle a kan bodi lokacin da taya ke ta wulwulawa, ilimi ɗaya suke aiki da shi, ko da yake buhun da aka ɗaure daidai saitin ƙafar baya ya fi ɗan mutum da zai iya zamewa ya faɗa ƙarƙashi. Akwai kuma wani abu a cikin bakasul da yawancin fasinja ba su sani ba. An yi shi ne don ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, kuma illar hakan ita ce idan ƙafa ɗaya ta faɗa santsi, ita za ta yi ta juyawa, wadda ke kan tsandauri ta tsaya cik. Direban da ya danne totur a wannan hali rami kawai yake haƙa wa kansa. Giya ta biyu da totur kaɗan-kaɗan, ko a riƙa gaba da baya a hankali har motar ta samu lilo, sun fi ihun inji. Itace da duwatsu kuwa ƙarƙashin ƙafar da ke juyawa ake cusa su, kuma kada kowa ya tsaya a bayanta.

Sarƙar taya, wadda wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ya yi wa rajista a 1904, ita ce kayan ƙanƙarar da ke aiki a laka da gaske, don ƙarfe yana huda taɓo ya kama ƙasa mai tauri. A ƙafar da ke ja ake ɗaura ta, a yi tafiyar hawainiya, a cire da an hau kwalta. Rairayin rani kuwa akasin haka yake so, ba haƙa ba, shimfiɗa: a rage iska tayar ta baje. Kuskuren shi ne a manta a mayar da iskar, a hau titi a miƙe da gudu.

Saura hujja mafi nauyi, wadda ba ta da alaƙa da roba: kuɗi. Direban da ke jigila tsakanin Matsinkai da Zagga zai ce sabuwar taya guda ta cinye ribar makonni, kuma tayar hunturu mai zane ta fi suɗaɗɗiya wadda wayarta ta fito. A kan titin da ruwa ya kwanta, gaskiya ya faɗa, babu mai musu. Amma arhar tana da ƙarshe, domin tayar da ke cinyewa da wuri sau biyu ake sayenta. Kuma ko a cikin tulin gwanjon akwai zaɓi, tunda ba duka ne na hunturu ba, kallon gefen taya kuma kyauta ne. A wurin akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adi, kamfanoni irin su Michelin kuma suna cewa a riƙa binciken taya kowace shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Wanda aljihunsa bai wuce sababbi biyu ba, baya ya kamata ya sa su, ba gaba ba kamar yadda aka saba a tasha. Idan gaba ta zame, akwai sitiyari a hannu. Idan baya ta zame ko ta fashe, motar juyawa take yi. Haɗarin da ya ci ran ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Maris na 2016 daga fashewar tayar baya ya faro. Haka nan kada a haɗa ta hunturu da ta zafi a bakasul ɗaya, domin da an taka birki ɗaya za ta kama, ɗaya ta saki, motar ta karkace zuwa gefe.