Kukan mai jego ba raunin imani ba ne

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, mu a nan New Bell mun iya taron suna. Ranar bakwai a yanka rago, a raba goro, mata su cika tsakar gida. Washegari kowa ya kama gabansa. Maigida ya koma rumfarsa a kasuwa ko ya hau babur ɗinsa, a bar mai jego da jariri a ɗakin haya, ga zafi, ga sauro, ga ruwan Duwala da ba ya gajiya. Bayan mako biyu ko uku sai ka ga mutum ya ja mu gefe bayan Magariba: "Malam, iyalina tun da ta haihu ba ta da aiki sai kuka, a taimaka da rubutu."

Iyayenmu ba haka suka bar mai jego ba. A Kano ko Garuwa, mai cikin fari gidansu take tafiya goyon ciki. Uwa ko gwaggo ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ta dama kunu, ta gasa kauri, da dare ta karɓi jariri don yarinya ta runtsa, har a yi arba'in. Babban maganin da ke cikin wannan al'ada shi ne ba a barin ta ita kaɗai. To mu nan gida ya yi nisa, kuɗin mota ya yi yawa, sai muka riƙe wankan muka rasa mai yin wankan.

Ga abin da likitoci suka bayyana. Da zarar an haihu, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara suna sauka farat ɗaya, ga jini da aka zubar, ga rashin barci. Shi ya sa wajen kwana uku zuwa biyar mata da yawa ke kuka ba dalili, kuma yakan wuce kafin mako biyu. Amma in ya zarce haka, ba ta cin abinci, ba ta iya barci ko jariri ya yi barci, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan damuwar. Wani abin lura a wajenmu shi ne kunyar ɗan fari. Yarinya ta ƙi kallon jaririnta, ta ƙi ɗaukarsa, sai tsofaffi su ce kara ce, har a yaba mata. Wani lokaci kara ce, wani lokaci kuma ciwo ne ya ɓuya a bayanta.

Masu ce mata ba ta da tawakkali, su koma Suratu Maryam, aya 23 zuwa 26. Nana Maryam, wadda Allah Ya zaɓa a kan matan talikai, da naƙuda ta kai ta gindin dabino sai da ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa, aka ba ta ɗanyen dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankali. Lallashi da abinci aka fara da su.

Ku tuna kuma mai jinin biƙi ba ta sallah, a mazhabarmu ta Malikiyya yana iya kai wa kwana 60. Matar da ta saba samun sanyin zuciya a sujada an ɗauke mata wannan a daidai lokacin da ta fi buƙata. A tuna mata zikiri da addu'a da sauraron Alƙur'ani duk ƙofarsu a buɗe take.

Kai kuma maigida, buhun shinkafa da turmin zane ba su sauke maka nauyi ba. Ka dawo da wuri. Ka ɗauki jaririn ta samu barcin awa uku, wallahi girmanka ba zai zube ba. Ka tambaye ta yadda take ji, sannan ka yi shiru ka saurara. In an haifi mace kana son namiji, ka haɗiye, kada ta gani a fuskarka.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ta ce gara ta mutu, ko tana tsoron za ta cutar da jaririn, ko ta kama sambatu tana jin muryoyi. Wannan na ƙarshen ba shi da yawa, kamar 1 ko 2 cikin haihuwa 1,000, amma yana da haɗari. Kada a ce aljanu ne a kulle ta a ɗaki ana hayaƙi. Mu za mu yi addu'a, ku kuma ku kai ta asibitin gunduma na New Bell ko Laquintinie a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn a halin.

Mun roƙi iyayenmu mata na ajin Islamiyya su tsara juyi a tsakaninsu: duk gidan da aka yi suna kuma babu uwa ko gwaggo a kusa, mace ɗaya ta leƙa kullum har arba'in, ko da wanki ne ta kama mata. Mai son shiga ta ba malamar ajin sunanta.