Kafin Ka Sayi Injin Tsofaffin Gem a Guangzhou, Tsaya Ka Karanta Wannan

Duk wanda aka taɓa kai shi hutu gida yana yaro, Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ai ya san gidan gem: talabijin mai ƙatuwar ƙeya, janareta na ruri a waje, yara sun yi layi kowa da canjinsa a hannu ana jiran Winning Eleven ko Mortal Kombat. Waɗancan injina yawancinsu sun mutu, fayafayan sun karce. Amma wasannin suna nan, kuma ana iya dawo da su ta hanyar manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfutar yau ta yi aiki kamar tsohon injin.

Mu da ke zaune a Huangpu, saƙo ba ya yankewa daga gida: "Yaya, a sayo mana irin mai gem dubu ashirin ɗin nan." To kafin kuɗin mutum su tafi a banza, ga abin da ya kamata a sani.

Me ya sa nan?

Lardin Guangdong ya daɗe a wannan harka. A Zhongshan aka riƙa ƙera Subor, kwaikwayon injin Famicom na Nintendo wanda ya fito a 1983. A shekarar 2000 gwamnatin Sin ta hana sayar da injinan gem, ba a sassauta ba sai 2014, aka ɗage haramcin a duk ƙasa a 2015. A tsakanin nan kasuwar bayan fage da ta kwaikwayo suka bunƙasa. Yau gundumar Panyu ta yi suna wajen ƙera manyan injinan gem na tsaye, Shenzhen kuma nan ne gidan ƙananan na hannu irin su Anbernic da Powkiddy.

Ita Huangpu gari ne na tashar jiragen ruwa da masana'antu, kasuwar kwamfuta kuwa tana Gangding a Tianhe. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, ka canza zuwa na 3 a Zhujiang New Town. Layi na 5 ɗin shi ne dai ke kai ka Xiaobei wajen 'yan uwanmu 'yan kasuwa.

Tambayar farko: wane inji kake kewa?

Mai karatu, kada ka fara da "nawa ne?" Fara da "me nake so in buga?" Aikin manhajar kwaikwayo kamar na tafinta ne. Duk umarnin da wasan ya bayar da yaren tsohuwar masarrafa, sai ta juya shi zuwa yaren sabuwa, nan take, sau da yawa har hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. Tafinta kuwa dole ya fi mai magana sauri nesa ba kusa ba, in ba haka ba sai sauti ya riƙa yankewa, hoto na tafiyar hawainiya.

Shi ya sa alƙaluma ke yaudara. PlayStation ta farko, ta 1994, masarrafarta ba ta kai megahaz 34 ba, ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 2. PlayStation 2 ta shekarar 2000 tana kusan megahaz 300 da megabayit 32. A takarda kowace waya ta fi ta. Amma ginin cikinta murɗaɗɗe ne, akwai ƙananan masarrafai da ke aiki tare a lokaci guda, kuma dole a kwaikwayi kowannensu ba tare da wani ya riga wani ba. Haka Sega Saturn, mai manyan masarrafai biyu, ta fi PlayStation ta farko wahala duk da sa'annin juna ne.

Matakai uku

Na farko: Famicom, Mega Drive, Super Nintendo, Game Boy, har zuwa PlayStation ta farko. Nan ƙaramin na hannu ya isa, irin Miyoo Mini Plus ko Anbernic RG35XX. Allonsu inci 3.5 ne, ɗigo 640 sau 480, daidai da siffar tsohuwar talabijin, don haka hoton ba ya miƙewa. Ga wanda ke fama da NEPA, wannan ya fi komai, tunda batir gare shi.

Na biyu: Nintendo 64, Dreamcast da PSP. Nan masu arha kan fara haki. Raspberry Pi 5 ta 2023, ko ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, ko ma wayar Android mai ɗan ƙarfi da manhajar PPSSPP, duk za su yi.

Na uku: PlayStation 2, GameCube da Wii. In Winning Eleven ta PS2 ce ke ranka, to kwamfuta sosai kake nema, da PCSX2 ko Dolphin. Ƙaramar kwamfuta mai Ryzen ta zamani, ko Steam Deck ta 2022, ko tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkCentre da aka ƙara wa katin hoto. A nan ƙarfin kowace zuciya ɗaya ta masarrafa ya fi yawan zukatan muhimmanci. Mai shago zai ce maka "takwas ce!" Ka tambaye shi sunan masarrafar da shekararta. Gigabayit 8 na ƙwaƙwalwar aiki ya wadatar, ƙari a kai ba zai sa wasa ya yi sauri ba.

Inda ake cin kuɗin mutane

"Gem dubu ashirin" talla ce kawai. Wasa ɗaya ake maimaitawa da sunaye daban-daban, wasu da Sinanci ko Japananci, wasu ba sa ma buɗewa. Katin ajiyar da ke zuwa da masu arha kuma shi ne ya fi saurin mutuwa, ya tafi da duk inda ka tsaya. Sayi katin kirki, ka gwada shi da H2testw don ka tabbata girman da aka rubuta a jiki gaskiya ne. Akwai kuma jabu, har na masu arhar kansu, musamman R36S. In a shago ne, kada ka yarda a gwada maka Super Mario. Ka ce a buɗe wasa mafi nauyi da kake so, ka buga minti goma, ka saurari sauti, ka taɓa bayan injin ka ji zafinsa. Abin da ya yi zafi cikin sanyin shago, me kake tsammani a Sakkwato watan Afrilu?

Sai hannun bugawa. Mai waya ya fi mara waya saurin amsawa, kuma ba ya buƙatar caji.

In gida za a kai

Wutar Sin bolt 220 ce, ta yi kusa da tamu, sai dai bakin fulogin ya bambanta. Najeriya mai ƙafa uku irin na Ingila ake amfani da shi, don haka a haɗa da adafta. Batirin caji na tafi-da-gidanka ba ya shiga jakar da za a auna, a hannu ake riƙe shi. Tun watan Yunin 2025 kuma, jiragen cikin ƙasar Sin ba sa barin wanda ba shi da tambarin 3C.

Maganar haƙƙi

Ita manhajar kwaikwayo ba sata ba ce a kanta. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony. Amma wasannin suna da masu su. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe. Hanya mafi tsabta ita ce mutum ya kwafi faifan da ya mallaka, ko ya sayi tsofaffin wasannin da kamfanonin suka sake fitarwa. Mai niyyar cika kwantena da injina shaƙe da wasannin mutane don kasuwa, ya yi tunani sau biyu, a dokance da kuma a addinance.

A taƙaice: rubuta sunayen wasanni biyar da kake kewa, duba wanda ya fi nauyi a ciki, ka sayi abin da zai ɗauke shi, kada ka wuce nan. Ragowar kuɗin a tura wa Hajiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.