Inshorar ambaliya a Amurka: doka ta tsaya a bakin taswira

A ƙasar Amurka, inshorar gida ta yau da kullum tana biyan hasarar gobara da ta sata, amma ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Kamfanoni sun janye hannunsu daga wannan sha'ani tun bayan babbar ambaliyar kogin Misisipi ta 1927, domin ruwa in ya zo gari guda yake ci, ba gida ɗaya ba. Saboda haka a 1968 majalisar ƙasar ta kafa inshorar ambaliya ta gwamnati, wadda hukumar agajin gaggawa, FEMA, take riƙe da ita.

Da farko saye ganin dama ne, sai mutane suka yi ko oho. A 1973 aka mai da shi tilas ga wanda gidansa yake cikin yankin haɗari, in har ya ci bashin gidan a bankin da gwamnatin tarayya take sa wa ido. In ya ƙi saye, bankin yakan yanka masa inshorar ya ɗora masa kuɗin. Wanda ya sayi gidansa kuɗi hannu, ko ya gama biyan bashi, dokar ba ta kama shi ba.

Yankin haɗari shi ne wurin da taswirar hukuma ta nuna ruwa yana iya cinye shi da kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ana kiran wannan ambaliyar shekara ɗari, kuma sunan ya yaudari mutane da yawa, suna tsammani in ta zo bana sai jikokinsu za su sake ganinta. Alhali tana iya dawowa baɗi. Cikin shekara 30, wato tsawon bashin gida a can, haɗarin yakan kai kashi 26 cikin 100. Gwamnati ba ta biyan fiye da dala 250,000 a kan gini da dala 100,000 a kan kayan ɗaki, kuma galibi sai an yi kwana 30 da saye kafin takardar ta fara aiki. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo ya makara.

Babban rauni yana ga taswirar kanta. Wasu an zana su da daɗewa, kafin a shimfiɗa kwalta da siminti a filayen da suke shanye ruwa. A watan Agusta na 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan sama fiye da milimita 1,000 cikin ƴan kwanaki a yankin birnin Houston. Yawancin gidajen da ruwa ya shiga a gundumar suna wajen layin haɗari ne, mafi yawan masu su kuma ba su da inshorar, tun da babu wanda ya tilasta musu. Haka ta faru a 2024 a duwatsun jihar Karolina ta Arewa, sa'ad da guguwar Helene ta cika koguna.

Asusun ma bai tsira ba. Tun guguwar Katrina ta 2005 bashi ya yi masa katutu, har a 2017 majalisa ta yafe masa dala miliyar 16. Daga 2021 hukumar ta fara yanka wa kowane gida kuɗinsa gwargwadon nisansa da ruwa, da tudunsa, da abin da sake gina shi zai ci. Ga gidan da mai shi yake zaune a ciki, ƙarin ba ya wuce kashi 18 cikin 100 a shekara. Amma tilascin saye har yanzu tsohon layin taswira yake bi.