«Ƙasar da ba ta da mai ita»: ma'anar kalmomi da buɗe daji ga noma a yankin Gure zamanin mulkin mallaka

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata jimla ta dokokin Faransa, «terres vacantes et sans maître», wato ƙasar da babu kowa a kanta, kuma ba ta da mai ita. Bisa wannan jimla ne hukumar mulkin mallaka ta ba kanta ikon rarraba daji a Afirka ta Yamma. Mun ɗauki misali daga Gure, cibiyar ƙasar Muniyo a gabashin Damagaram, inda Mangawa da Dagirawa da Hausawa ke noma, Fulani da Buzaye da Tubawa kuma ke kiwo.

2. Dokokin da aka kafa

Dokar 23 ga Oktoba 1904 ce ta ce duk ƙasa irin wannan ta hukuma ce. Dokar 24 ga Yuli 1906 ta kawo rajistar fili a littafi, bisa tsarin Torrens wanda aka soma a kudancin Ostareliya a 1858. Aka sake fasalinta a 1932. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 ta ƙara da cewa filin da ba shi da takarda, kuma ya wuce shekara 10 ba a aiki da shi, ya koma hannun hukuma. Sai a dokar 20 ga Mayu 1955 aka amince da haƙƙin gargajiya, aka ɗora wa hukuma nauyin tabbatar da cewa fili ba shi da mai shi.

Wannan tunani ba na Faransa kaɗai ba ne. A Amurka, dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara 5 eka 160, kusan ekta 65, alhali Indiyawan ƙasar na amfani da filayen tun kaka da kakanni. A Nijeriya ta Arewa, dokar 1910 ta sa ƙasa duka ƙarƙashin ikon gwamna.

3. Kalmomin ƙasa a Hausa

Hausa ba ta raba ƙasa gida biyu, mai shuka da wofi. Muna da jerin kalmomi:

a) gona: inda ake noma bana;
b) saura: gonar da aka bari ta huta, amma an san ta wane ce;
c) kufai: inda gari ya taɓa zama, kuma zuriyarsa na tunawa da shi;
d) makiyaya da burtali: wurin kiwo da hanyar dabbobi;
e) daji: inda ba a sassabe ba, amma ana kiwo, farauta, itace da ɗibar ƙaro.

Kalma guda, «vacant», tana iya haɗiye (b) zuwa (e) gaba ɗaya. Saurar da ta daɗe tana hutawa a jigawa, a idon dokar 1935, fili ne da aka yasar. Ga manomi kuwa, ajiya ce ta ƴaƴansa.

Haka nan kalmar «mai». Mai gona yana da amfanin gona. Mai gari, ko bulama a ƙauyukan Mangawa, bai mallaki gari ba, amma shi ke nuna wa baƙo inda zai sassabe. Mai rijiya kuwa, a ƙasar kiwo, shi ke tsara shayarwa, ta haka yana da ta cewa kan ciyawar da ke kewaye. Ke nan fili ɗaya yana iya samun masu shi da dama, kowa da irin haƙƙinsa, alhali «maître» na doka mutum guda yake nema, mai takarda.

4. Yadda daji ya buɗe a Gure

Ba a kawo Turawa manoma aka zaunar a Gure ba, ba a kuma yi babban aikin ban ruwa irin na Office du Niger da aka kafa a 1932 a ƙasar da ta zama Mali ba. Talakawa ne suka buɗe daji da gatarinsu, da izinin sarakunan kanto da masu gari. Raguwar hare-hare ta sa mutane suka bar gindin duwatsu suka bazu. Lampo ya sa kowane mai gida neman ƙarin hatsin sayarwa. Daminar shekarun 1950 masu albarka ta ja gero zuwa arewa.

A nan ne wata kalma ta biyu, «mise en valeur», wato raya ƙasa, ta yi tasiri. Sassabe da shuka suna barin shaida a ƙasa; kiwo ba ya barin komai sai sawu. Saboda haka manomi ya sami hujja, makiyayi bai samu ba.

5. Abin da ya biyo baya

Bayan ƴancin kai, dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa yankin Gure, don kare ƙasar kiwo. Amma gonaki sun ci gaba da tsallake ta. Dokar 2 ga Maris 1993, tushen Kundin Karkara, ta daidaita mallakar gargajiya da ta takarda, ta ba makiyaya fifikon amfani da mazauninsu na asali. Dokar 20 ga Mayu 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi.

6. Kammalawa

Wanda zai fassara dokar ƙasa zuwa Hausa ko Barbarci yana ɗauke da nauyi babba. In ya ce «daji» inda ya kamata ya ce «saura» ko «makiyaya», fassararsa na iya raba wani da gadonsa a gaban kwamitin filaye. Muna ba da shawara a tattara waɗannan kalmomi daga bakin manoma da makiyaya, a harsunan yankin duka, kafin a sa su cikin ƙamus na shari'a.