Igiya Ana Ƙulla Ta, Guga Mai Yoyo Fa?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jan ruwa a rijiya, a Nasarawar Burkullu ko Gummi ko ƙauyukan Anka, ya san kayan jan ruwa biyu ne, kuma tsufansu ba iri ɗaya ba ne. Igiya idan ta gaji takan nuna. Sai ta fara sillewa a wurin da take gogar itacen bakin rijiya, ranar da ta tsinke kuwa kowa a gidan sai ya sani, a tafi aron ƙugiya. Guga kuwa a ɓoye yake lalacewa. Yakan soma yoyo ta wajen ɗinki, ya cika a ƙasa, kafin ya iso hannu rabi ya tsiyaye. Yaron da aka aika ɗibar ruwa da duhun asuba sai ya dawo ya ce, "Inna, ruwan rijiya ya ja baya." Alhali rijiya na nan da ruwanta, guga ne bai kawo gaskiya ba.

Wannan bambanci nake so mai ciwon suga ya riƙe idan Allah Ya hore masa na'urar nan da ake liƙawa a damtse tana auna suga dare da rana. A yankinmu ba ta yawaita ba. Akasarin masu wannan lalura da tsira allura a yatsa suke gwaji, wanda ya sami na'urar kuwa galibi ɗa ne ko ɗan'uwa ya aiko masa daga birni ko daga ƙasar waje. Amma duk wanda ta shiga hannunsa, tambayarsa ɗaya ce: yaya zan yi ta daɗe?

Na'urar kashi biyu ce. Na farko ita ce sensa, wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata kimanin milimita 5. Ba cikin jijiyar jini yake shiga ba, yana zama ne a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama, kuma a jikinsa akwai sinadarin da ke haɗuwa da suga ya ba da ɗan ƙaramin lantarki. Wannan shi ne guga, shi ke sauka inda ido ba ya gani. Na biyu ita ce tiransimita, mai ɗauke da batir, wadda ke tura sakamako zuwa waya ko ƙaramin allon karantawa. Ita ce igiya. A samfurin FreeStyle Libre na kamfanin Abbott, wanda ya fito a Turai a 2014, an haɗe su biyun cikin faifai guda, ya yi kwana 14 a yar. A Dexcom G6, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, sensa kwana 10 take yi, tiransimita kuma ana ɗora ta kan sabuwar sensa har kimanin wata 3.

Yanzu a yi lissafi. Mai amfani da ta kwana 14 yana buƙatar guda 26 a shekara, kuma dukkansu da kuɗin waje ake shigo da su. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ɗaya a hukumance ba ta kai Naira 500 ba. A cikin 2024 ta haura 1,500. Manomin da ke sayar da gero ko wake ya sayi magani ba zai ga abu yana aiki a damtsensa ba, a ce masa ya cire ya yar saboda kwanakinsa sun cika, ransa bai sosu ba. Hatta a Amurka da Turai tsadar ta ciji mutane har suka nemo dabaru. Masu tsohon samfurin Dexcom G5, mai kwana 7, sukan sa na'urar ta ɗauka sabuwar sensa aka saka, ta sake wani zagayen. Masu G6 sukan zame tiransimita daga mazauninta na ɗan lokaci sannan su mayar. Wasu ma sukan kankare robar da aka rufe tiransimita da ita, su sauya batir, su sake liƙewa.

Ba na zargin kowa cikinsu, rashi ne ya kai su. Sai dai dabarun biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Sauya batir ƙulla igiya ne. Idan ƙullin bai yi ba, galibi za ka gani: saƙo ya yanke, allo ya daina nuna lamba. Asarar da ke ciki ita ce an fasa rufin da ke hana ruwa da gumi shiga, kuma kamfani ya zare hannunsa daga abin da zai biyo baya. Sake tayar da sensar da kwanakinta suka ƙare kuwa mayar da guga mai yoyo ne cikin rijiya. Sinadarin da ke jikin zaren yana raguwa kullum. Jiki kuma baƙon abu yake ɗaukarsa, sai ya yi ta kewaye shi da ƙwayoyin kariya har suga ya riƙa isa gare shi da ƙyar. Ɗan ramin da ya shiga yana iya kumbura ko ya yi ruwa. Duk da haka allo zai ci gaba da nuna lamba tsaf, ba alamar shakka. Har ma guga ya fi sensa sauƙi, domin shi ragi kawai yake yi. Tsohuwar sensa tana iya ragi, tana iya ƙari. Shi ya sa hukumar ta Amurka ta gindaya sharaɗi ga irin su G6 cewa sensa ta tsaya da kanta idan wa'adinta ya cika, domin da lambarta ake yanke yawan insulin.

A nan haɗarin yake. Idan ta nuna suga ya hau alhali bai hau ba, mutum ya ƙara allurar insulin ya kwanta, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 cikin barci, daga nan sai gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. Wanda ke zaune a Landan motar asibiti na iya isowa gare shi cikin mintoci. Mu kuwa mun san halin hanyar Anka zuwa Gusau da dare, mun san ba kowa ke iya fitowa daga ƙauyukan Bukkuyum bayan magariba ba. Nisan da ke tsakanin majinyaci da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, shi ya sa lambar ƙarya ta fi tsada a wurinmu.

Ga abin da na fi so a kula da shi. Babbar asararmu ba rashin ƙarin kwana bayan wa'adi ba ce, mutuwar sensa ce kafin wa'adi. Idan mai kwana 14 tana ɓallewa a rana ta 10, a shekara guda 36 za a saya maimakon 26. Matar da ta san darajar guganta ba ta barinsa a rana ya bushe ya tsage, ba ta jan sa a ƙasa, tana rataye shi a inuwa. Irin wannan kulawa ce ke sa sensa ta cika kwanakinta.

Kulawar tana farawa tun tana cikin kwali. Takardar FreeStyle Libre ta ce a ajiye ta tsakanin digiri 4 da 25, ta G6 kuma tsakanin 2 da 30. Zafinmu na bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura 40. Kwalin da ya wuni a gaban mota daga Kano ko Sakkwato, ko ya kwana biyu a shago mai rufin kwano, ya fara tsufa ba a buɗe shi ba. Mai firij ya sa a ciki, amma ban da wurin ƙanƙara. Wanda ba shi da wuta ya sa kwalin cikin roba mai murfi da ruwa ba ya shiga, ya ajiye a tukunyar nan da ake sakawa cikin wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A kuma duba ranar ƙarewar aiki kafin a biya kuɗi.

Wajen liƙawa, a wanke bayan damtse da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai. Man shafawa, musamman basilin ɗin da muke laftawa da hunturu, shi ne babban abokin gabar gam. A liƙa da dare bayan jiki ya huce, gam ya samu kamawa kafin gumin rana. Idan gefe ya fara ɗagowa a kewaye shi da filasta, amma kada a toshe ɗan ramin da ke tsakiyar faifan Libre. A zaɓi hannun da ba a kwanciya a kansa, domin danne ta cikin barci yakan sa ta nuna suga ya sauka alhali lafiya lau. A lura wajen tuɓe riga, da cunkoson motar haya ranar kasuwa, da hannun jariri mai son ɓalle duk abin da ya gani. Wanka ba ya hana ta aiki, an yi Libre ta jure zurfin mita 1 na minti 30, amma daɗewa cikin gulbi ba nata ba ne. Rashin sabis ma ba ya kashe ta: kai tsaye take magana da waya, don haka ko a yanayi irin na Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, lamba tana fitowa muddin akwai caji.

Sannan kada a rabu da gwajin yatsa, domin shi ne leƙa rijiya da idonka. Ruwan da sensa ke aunawa yakan biyo bayan jini da minti 5 zuwa 15, don haka ɗan bambanci ba laifi ba ne. Amma idan tazarar ta wuce kashi 20 cikin 100, ko jiki ya ce wani abu allo ya ce wani, maganar yatsa za a bi. Magunguna ma suna rikita ta. Hydroxyurea da ake ba wasu masu sikila yana sa G6 ta nuna sama da gaskiya, haka yawan shan ƙwayar bitamin C ke yi wa Libre.

Akwai kuma hanyar tsimi da ba ta da haɗari. Mai suga nau'i na biyu da ba ya allurar insulin ba lallai ya ɗaura ta shekara zagaye ba. Da shawarar likita yana iya sa guda ɗaya ta kwana 14, ya ga abin da tuwon dawa ke yi masa, da fura mai sukari, da shinkafa, da tafiya gona, ya rubuta, ya gyara cimarsa, bayan wasu watanni ya sake. Masana sun yi ittifaƙi a 2019 cewa bayanan kwana 14 sun isa nuna yadda sugan mutum ke tafiya. Yara masu nau'i na ɗaya, waɗanda rayuwarsu ta rataya ga insulin, su ne suka fi cancantar a tara musu kuɗin wannan na'ura. Kamfanoni kuma suna ƙara wa'adi ta hanyar gwaji: a 2024 Amurka ta amince da Eversense 365, wadda likita ke dasawa ƙarƙashin fata ta yi shekara guda.

Kirana ga gwamnatin Zamfara da hukumomin inshorar lafiya shi ne su fara da abin da ya fi kusa: insulin da tsinken gwajin yatsa su wadata cikin rahusa a asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, a kuma koya wa ma'aikatan jinya aiki da wannan na'ura. Kai kuma ɗan'uwa mai ɗauke da ita a damtse, yi iya ƙoƙarinka ta cika kwanakinta. Idan sun cika, cire ta. In rashi ya tilasta maka ƙara mata kwana, sanar da likitanka, kuma kada ka yi allurar insulin da lambarta sai yatsa ya tabbatar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.