Ƙoda, matatar da ba ta yarda da asara

In ka tsaya wurin mai tsire ya tsaga ƙodar rago gida biyu, leƙa kafin ya barbaɗa mata yaji. Gefenta ja wur, can tsakiya kuma wani farin kwarmi kamar mazurari. Tamu ma haka take. Biyu ne, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, suna maƙale ta bayan ciki a gindin haƙarƙari. Shi ya sa ciwonsu kan tsaya a kwiɓi, mutum ya yi ta shafa man zafi yana zaton baya ne.

A cikin jan naman nan akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda, ido ba ya ganinsu. A kwana guda suna tsame ruwa kimanin lita 180 daga jini, wato jarka tara mai cin lita 20. Amma fitsarin da mutum ke yi bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. To ina sauran?

Nan ne, a ganina, abin mamakin yake. Mun ɗauki ƙoda a matsayin mai zubar da shara, alhali yawancin aikinta ƙwato kaya ne. Ruwan da aka tace yana bin wasu siraran bututai masu lanƙwasa, a hanya kuma jiki yana janye abinsa: ruwa, gishiri gwargwadon buƙata, suga kuwa kaf. Sai idan suga ya yi wa jini yawa ne yake fin ƙarfin ƙoda ya malalo, har ka ga kiyashi sun taru inda mai ciwon suga ya yi fitsari.

Duk wanda ya yi azumi a zafin Afrilu ya ga wannan tattalin da idonsa. Kafin la'asar fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan bunu. Ƙwaƙwalwa ce ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa.

Abin da ya rage bayan tacewar, wato fitsari, yana gangarowa ta bututu biyu masu tsawon kimanin santimita 25 zuwa mafitsara, jaka mai miƙewa da ke ɗaukar kusan rabin lita. Daga nan zuwa waje, hanyar mace kimanin santimita 4 ce, ta namiji kusan 20, don haka ƙwayoyin cuta suka fi saurin isa mafitsarar mata. Yaron da ke wanka a kududdufi ya dawo da fitsarin jini kuwa tsargiya ce, ba alamar balaga ba: tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, ƙwayayenta su raunata bangon mafitsara.

Aibin ƙoda shi ne kawaici. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum na ta harkokinsa. Hawan jini da ciwon suga na cinta a hankali, haka ma maganin ciwon jiki irin su diclofenac da wasu ke haɗiya kullum kamar gyaɗa. Kafin ƙafa ta kumbura, jini ya ragu (ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ƙera jini), sau da yawa an kai gaɓar wankin ƙoda: awa huɗu a jikin na'ura, sau uku a mako, a madadin aikin da ƙoda ke yi kyauta ko kana barci.