Kwalbar da ta ƙi mutuwa: tsofaffin na'urorin sauti tsakanin masu kunne da 'yan gwangwan a Sagnarigu

Duk wanda ke zaune a Choggu, Kalpohin ko Gurugu ya san samarin nan masu tura kura suna bin unguwa-unguwa suna sayen kayan ƙarfen da suka mutu. A nan Ghana "kondem" ake ce wa sana'ar, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira gwangwan ko jari-bola. Tsohuwar fanka, batirin mota, rediyon kaka da ya shekara talatin a ƙarƙashin gado, duk sikeli ne ke yanke musu farashi. Idan aka fasa rediyo ko amfilifaya ta da, taransifoma ake fara cirewa saboda wayar jan ƙarfen da ke naɗe a cikinta. Su kuwa 'yan kwalaben gilashin da ke tsaye a jere kamar ƙananan ƙwan fitila, sai a watsar, yara su ɗauka su farfasa.

To waɗannan kwalaben su ne wasu mutane a Japan da Jamus da Amurka ke bi suna nema ruwa a jallo. Ɗaya tak daga cikinsu, in ta Telefunken ce ko Mullard ta shekarun 1950 ko 1960 kuma tana da sauran rai, za ta iya fin kuɗin duk jan ƙarfen da ke cikin akwatin. Tsofaffin masu gyaran rediyo bawul suke kiranta. Ba kowace bawul ce ke da wannan daraja ba, yawancin na tsofaffin talabijin ba su da kasuwa, amma wanda bai san bambanci ba duk kilo ɗaya zai sayar da su. Ba a Sagnarigu kaɗai ake wannan asara ba. A Agbogbloshie ta Accra, inda samarin arewa da dama suka yi shekaru suna fasa kayan lantarki kafin hukuma ta tashi wurin a watan Yulin 2021, Allah kaɗai ya san abin da ya bi ta ƙarƙashin guduma.

Me ya sa abin da duniya ta yi ban kwana da shi tun kakanninmu suna samari har yanzu yake da masoya?

Sai mun fara da aikin na'urar. Allurar da ke bin layin faifan garmaho ba ta fitar da wuta sai 'yar mitsitsiya, kamar kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya. Makirfo ma haka yake. Wannan ba ta isa ta motsa lasifika ba, ba ta ma isa babbar amfilifaya ta ji ta ba. Don haka ake sa wata ƙaramar na'ura a gaba, mai share fagen sauti, wadda masu sana'a ke kira firi-amf. Ita ce ke karɓar raunannen sautin ta raine shi ya yi ƙarfi, ita ke zaɓar ko faifai za a ji ko rediyo, a jikinta maɓallin ƙara murya yake. Ga masu faifai tana da wani aiki na daban. Tun 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka amince da tsarin da ake kira RIAA: a rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa lokacin yanka faifai don waƙa mai tsawo ta shiga, sannan na'urar gida ta mayar da komai yadda yake. In ba ita, faifan da ka fi so zai fito siriri kamar kukan sauro. Kuma duk abin da ta yi wa sauti, gyara ko ɓarna, babbar amfilifaya ninka shi kawai za ta yi. Shi ya sa masu kunne ke ce da ita zuciyar kayan.

Ita kwalbar, tarihinta ya haura shekara ɗari. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro ta farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata siririyar waya a tsakiya a 1906, wadda ta ba ta ikon ƙara ƙarfin sauti. A cikinta babu iska. Akwai wani zare da wuta ke gasawa har ya yi ja, zafin ya sa lantarki ya yi tsalle zuwa wani faranti, ita kuma siririyar wayar ta zama kamar mai gadin ƙofa, ɗan motsinta kaɗan sai ya jawo babban canji a abin da ke wucewa. Da irin waɗannan kwalabe aka buɗe gidan rediyon ZOY a Accra ranar 31 ga Yulin 1935, wanda shi ne ya zama GBC mai watsa shirye-shirye da Dagbani da Hausa cikin harsunan ƙasa. Da su kamfanin Decca ya ɗauki E.T. Mensah da 'yan Tempos a farkon shekarun 1950. Wato duk wanda ya taɓa jin tsohon hailaif na wancan zamani, muryar kwalba ya ji, ko ya sani ko bai sani ba.

A ƙarshen 1947 aka ƙirƙiro taransisto a ɗakin binciken Bell na Amurka. Ƙarami ne, ba ya zafi sosai, ba ya fashewa, batir ma ya ishe shi. Ga ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin shi ya kai rediyo ƙauyukan Dagbon da ba su san wayar lantarki ba. Dattawa na tuna rediyon Akasanoma da aka riƙa harhaɗawa a Tema. Ba wanda ya yi kukan kwalba a lokacin, kuma da gaskiyarsu.

Abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne aka ƙera na'urorin kwalba da har yau ake ambato. Marantz Model 7 ya fito a 1958 da kwalabe shida samfurin 12AX7, wanda Turawan Turai ke kira ECC83. Quad 22 na Ingila ya biyo baya a 1959, McIntosh C22 a 1963. Dynaco PAS kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne, a warwatse ake sayar da shi mutum ya haɗa da kansa a gida da dalma. Marantz ɗin da aka sayar dala ɗari biyu da wani abu yana sabo, yau mai lafiya dubban daloli ake nema a kansa, har kamfanin ya sake ƙera shi a shekarun 1990 saboda yawan masu so. McIntosh ma ya maimaita C22 fiye da sau ɗaya.

Wai mene ne kunne ke ji?

Masoyan kwalba za su ce maka sautinta na da ɗumi, yana da jiki, murya na fitowa kamar mai ita na zaune a ɗakin. Injiniya kuma zai ɗauko ma'auni ya nuna maka cewa na'urar zamani mai kyau ta fi ta tsafta nesa ba kusa ba. Dukansu ba ƙarya suke ba. Kwalba ba ta mayar da sauti yadda ta karɓa daidai wa daida, tana ƙara masa wani ɗan abu nata. Sai dai yawancin abin da take ƙarawa amo ne da ya ninka na asali sau biyu cif, kamar a ce babba na rera waƙa yaro na bin sa da siririyar murya a kan kari ɗaya. Kunne ba ya jin wannan a matsayin ɓarna, cika yake ji. Sannan in sauti ya fi ƙarfinta, a hankali take lanƙwasawa, ba ta datse shi farat ɗaya yadda na'urorin taransisto na farko suka riƙa yi. Wani injiniyan ɗaukar sauti mai suna Russell Hamm ya yi rubutu a kan wannan a 1973 a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, kuma har yau ana kafa hujja da shi.

Ka kwatanta da kiɗan lunga da gungon na Dagombawa. Bugun sanda a fata abu ne mai zuwa kwatsam da ƙarfi, sannan ya faɗi. Irin wannan bugun ne ke tura na'urar makirfo iyakarta. Wadda ke lanƙwasawa za ta ba ka bugu mai kauri, wadda ke datsewa ta ba ka ƙara mai tsaga kunne. Gonje ma, wato gogen Dagbon, yana da kaifin da ke son abin da zai ɗan tausasa shi. A nan maganar masu kwalba na da tushe.

Amma fa akwai inda zancen ke wuce gona da iri. A falo, inda ba a takura wa na'urar, bambancin kan yi ƙanƙanta ƙwarai. A 1985 injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile, ya ɗauki amfilifayarsa ta taransisto mai sauƙin kuɗi ya yi ta daidaita ta cikin 'yan kwanaki har suka kasa bambanta ta da wata mai tsadar gaske ta kwalba da su da kansu suka zaɓa. A ganina rabin soyayyar nan ta kunne ce, rabi kuma ta ido da zuciya: jan hasken da ke tashi a duhu, jiran da ake yi ta ɗumama kafin ta yi magana, nauyin maɓalli a hannu. Wannan ba laifi ba ne. Mai shan shayin da aka dafa a gawayi ai ba sai ya kawo hujjar kimiyya ba. Laifin shi ne a sayar wa mutum hasken a ce masa sauti ne.

Kuma ana yin hakan. Tun da waƙar Tamale ta tashi, musamman bayan Fancy Gadam ya cika filin wasa na Tamale a 2016, ƙananan situdiyo sun yawaita a ɗakunan haya, kowane yaro na son muryarsa ta yi kauri. Kasuwa kuwa cike take da ƙananan na'urorin makirfo masu araha da aka maƙala wa kwalba ɗaya a bayan 'yar taga. Da yawansu wutar da suke ba kwalbar ba ta kai ko kusa da bolt ɗari biyu zuwa ɗari uku da na'urorin da ke ba ta ba, wasu ma har ɗan ƙwan fitila ake ɓoyewa a bayanta don ta yi ja. Matashin da ke da sidi kaɗan, gara ya zuba su a makirfo mai kyau da labule mai kauri da katifa a bango, zai fi jin canji.

Idan ta faɗo hannunka

Kayan gwanjo da ke shigowa ta tashar Tema su gangaro Kumasi har su iso shagunan Tamale kan zo da abin mamaki jefi-jefi, haka ma ɗakunan ajiya na tsofaffin makarantu da gidajen tsofaffin ma'aikata. Wanda ya yi sa'a, abu na farko kada ya yi gaggawar jona ta da wuta. Wutarmu bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa na 120 ne ko ƙasa kaɗan, na Japan 100. Jonawa ɗaya ba tare da taransifomar rage wuta ba, an gama. Ko ta Ingila ce mai dacewa da wutarmu, kafasitocin da suka shekara hamsin a kwance sun bushe ko suna yoyo, kuma in suka harba sukan tafi da taransifomar da ba a samun irinta. Masu gyara a hankali suke ɗaga mata wuta suna aunawa. Kada kuma a sa hannu a ciki don an cire filogi, kafasita na riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an kashe na'urar.

Sai yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale kan kai digiri 40, ita kuma kwalba da nata zafin take zuwa, don haka ba a kulle ta a kabad. Ƙurar hunturu na shiga ramukan da ƙafafun kwalba ke zama da cikin maɓallai, sai ka ji ƙarar-ƙarar. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, wadda muka sha a shekarun dumsor, ita ce babbar abokiyar gaba, sitabilaiza dole ne. Kwalaben irin wannan na'ura kan yi dubban sa'o'i suna aiki, amma ranar da ɗaya ta mutu sai an yi oda daga waje. Masana'antar Mullard ta Blackburn ta daina yin su tun farkon shekarun 1980. Yau 'yan wurare ne suka rage: JJ Electronic a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha, wasu a Chaina, sai Western Electric a jihar Jojiya ta Amurka. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 aka shiga fargabar yankewar kayan Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni.

Duk da haka akwai abin da waɗannan tsofaffin akwatuna suka fi na yau da shi, kuma ni a wurina ya fi zancen ɗumin sauti nauyi: ana gyara su. Buɗe bayan Quad ko Dynaco, kowace waya a fili take, kowane ɓangare ido na ganinsa, hannu na kai masa, zanen haɗinsu kuma yana nan kyauta a intanet. Lasifikar bulutut ta yau in allonta ya ƙone sai bola. Matsalar ita ce hannun da ya san wannan aiki yana ƙarewa. Dattawan da suka koyi gyaran rediyo a zamanin bawul sun tsufa, yaran da ke zaune a rumfunan gyara yanzu gilashin waya da wurin caji suka iya canzawa, domin nan ne abincin yake.

Sagnarigu, wadda aka yanke daga Tamale ta zama gunduma a 2012, ita ce ke ɗauke da Jami'ar Fasaha ta Tamale da Kwalejin Bagabaga da Tamasco a kan tudun makarantu. Ba nisa da nan Ibrahim Mahama, mai fasahar nan da duniya ta sani, ya jawo tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya girke a Red Clay, yaran makaranta na shiga suna ganin yadda aka ƙera su. Na'urar kwalba ba ta buƙatar fili irin na jirgi. Teburi ɗaya, mita, ƙarfen dalma da dattijo guda da ya san hanya sun isa ɗalibin lantarki ya bi sauti da idonsa tun daga allura har lasifika, abin da ba zai taɓa gani a cikin wayar hannu ba. Kuɗin sayen na'urar daga hannun mai kura, in an riga guduma, bai wuce na jan ƙarfen da ke cikinta ba.